FILIN NOMA DA KIWO: Ba A Sanin Bijimi Sai An Ga 'Ya'yansa

Tun daga watan Yuli na shekarar 2024, lokacin da Gwamnatin Tarayya ta kafa ma'aikata ta musamman domin bunƙasa kiwon dabbobi, maganar inganta irin shanunmu ta sake tasowa da ƙarfinta. A watan Nuwamba na shekarar 2024 ɗin aka sa hannu a kan takardar fahimtar juna tsakanin Nijeriya da kamfanin nama na JBS na ƙasar Birazil, inda kamfanin ya nuna niyyar zuba jarin dala miliyan 2,500 don gina masana'antu shida, biyu daga cikinsu na naman shanu. Shugaban Ƙasa da kansa ya kai ziyarar aiki Birazil a watan Agusta na 2025. Saboda haka ba abin mamaki ba ne a ji manyan ma'aikata da masu gonaki suna ɗaura niyyar ƙetare teku, su je su kewaya garkunan mutanen can, su ga bijimai, wanda ke da hali kuma ya sayo iri.

Tafiya mabuɗin ilimi ce, kuma gani ya kori ji. Sai dai akwai tambayar da ya kamata kowane matafiyi ya amsa wa kansa tun kafin ya hau jirgi: in an tsayar masa da bijimi a gabansa, da me zai gane na ƙwarai? Tambayar ta shafi kowa, amma ta fi shafar masu gonakin da suka jeru a bakin hanyar Abuja zuwa Keffi, irin na yankin Uke a Ƙaramar Hukumar Karu ta Jihar Nasarawa, domin su ne ke da babbar kasuwar nama a ƙofar gidansu, su ne kuma dillalan irin waje za su fara ƙwanƙwasa wa ƙofa.

IDON MAHAUCI DA IDON MAKIYAYI

In ka shiga kara, ko ta Dei-Dei ko ta wani gari, za ka ga yadda ake duba sa. Mai saye zai kewaye shi, ya dubi tozo, ya danna gadon baya, ya tsunkuli gindin wutsiya, ya buɗe baki ya ƙidaya haƙora, sannan a shiga ciniki. Wannan dubawa ba ta da aibi, domin mahauci nama yake nema, kuma naman yana nan a jikin san, gobe da safe zai gan shi a mayanka. Amma wanda ke neman bijimin barbara, abin da yake saye ba ya tsaye a gabansa. Yana sayen maruƙan da ba a haifa ba tukuna. In ya dube shi da idon mahauci, cinikin biri a sama ya yi.

Dalilin da ya sa kuskure a nan yake da tsada shi ne, saniya ɗa ɗaya take haifa a lokaci guda, in ta daɗe a garke ta bar 'ya'ya shida ko bakwai. Bijimi ɗaya kuwa yakan ishi shanu 25 zuwa 30 a shekara, kuma rabin jinin kowane maraƙi daga gare shi yake. In ya yi shekara huɗu yana aiki, to ya sa hannunsa a kan garken duka, kuma 'ya'yansa mata su ne uwayen garken na shekara goma masu zuwa. Mugunyar saniya hasarar maraƙi ɗaya ce a shekara. Mugun bijimi hasarar zuriya ce.

Wanda ya fara mayar da wannan magana sana'a shi ne wani manomi na ƙasar Ingila mai suna Robert Bakewell, wanda ya rayu daga 1725 zuwa 1795. Maimakon ya sayar da raguna da bijimansa, sai ya riƙa ba maƙwabta hayarsu na shekara guda. Yana karɓar kuɗin haya, yana kuma zagawa yana duba 'ya'yan da suka haifar a garkunan mutane dabam-dabam. Wanda 'ya'yansa suka yi kyau ko'ina, shi yake komowa da shi garkensa. Duk lissafin da ake yi da kwamfuta a yau a kan wannan tushe aka gina shi.

MATAKAI UKU NA DUBA BIJIMI

A gonakin da suka san abin da suke yi, ko a Birazil, ko a Amurka, ko a Afirka ta Kudu, hawa uku ake bi kafin a ce bijimi ya cancanta. Ya kamata baƙo ya nemi a nuna masa ukun duka.

Na farko shi ne lafiyar jikinsa. Ana sa shi ya yi tafiya a ga yadda yake taka ƙasa, domin bijimin da ƙafafunsa na baya suka miƙe sak kamar turmi, ko kofatansa suka karkace, ba zai jure bin garke ba. Ana duba idonsa da haƙoransa. Ana auna kewayen marainansa da tsinken awo, saboda girmansu yana tafiya tare da yawan maniyyi, kuma 'ya'ya mata na bijimi mai cikakkun maraina sun fi saurin balaga. Likitocin dabbobi na Amurka sun aje ƙa'ida cewa kada awon ya gaza santimita 30 ga ɗan wata 15, kada ya gaza 34 ga wanda ya wuce shekara biyu, kuma kashi 70 cikin ɗari na ƙwayoyin maniyyin su kasance masu kyakkyawar sura in an duba a madubin likita. Shanu masu tozo irin namu sun fi jinkirin balaga, don haka nasu ma'aunin ya ɗan bambanta, amma hanyar ɗaya ce. Ana kuma gwada jininsa don bakkale, ciwon nan mai sa shanu ɓari, wanda ke kama mutum ta hanyar ɗanyen nono.

Na biyu shi ne tarihin girmansa, a gwada shi da sa'o'insa waɗanda aka haifa tare, suka ci ciyawa ɗaya, suka sha ruwa ɗaya. Wannan sharaɗi na tsara shi ne ginshiƙin awon duka. Bijimin da aka turke a rumfa ana ɗura masa dusa da gurya domin ranar nuni zai yi ƙiba har ya ba mutum sha'awa, amma dusa ba ta bin jini. Abin da zai gadar shi ne fifikon da ya yi wa tsararrakinsa alhali abincinsu ɗaya.

Na uku, wanda shi ne mai yanke hukunci, shi ne 'ya'yansa. Nawa aka haifa? A garke nawa? Nawa suka zo da wahala har sai da aka ja su? Nawa suka mutu kafin yaye? Nawa ne nauyinsu ranar haihuwa, da ranar yaye, da ranar cika shekara? Maraƙi uku ko huɗu ba su isa shaida ba, domin mai gona zai iya zaɓo ƙwararan ya jera wa baƙo, ya ɓoye ragowar a bayan shinge. Sai an tara awon 'ya'ya masu yawa daga uwaye dabam-dabam sannan rabon uban ke fita fili. Daga wannan awo ne ƙungiyoyin masu kiwo ke fitar da ƙiyasin abin da kowane bijimi zai gadar, su buga shi a littafi, tare da wata lamba mai nuna ƙarfin shaidar. Ƙiyasin ɗan bijimin da bai haihu ba shaidarsa mai rauni ce, na tsohon da ke da 'ya'ya ɗaruruwa kuwa da wuya ya motsa.

YADDA IDO KE YAUDARA

Bari mu kawo misali da lissafi, domin kowa ya ga amfanin sikeli da alƙalami. Tun da yake ba rana ɗaya ake haihuwar maruƙa ba, a Amurka akan mayar da nauyin yaye na kowane maraƙi zuwa na kwana 205, don a gwada su a kan ma'auni ɗaya. A ce ga maruƙa biyu a gona ɗaya. Na farko an haife shi da kilo 25, yau kwanansa 250, nauyinsa kilo 150. Na biyu an haife shi da kilo 22, kwanansa 180, nauyinsa kilo 130. Duk wanda ya leƙa garke zai nuna na farko. Amma na farko kilo 125 ya ƙara cikin kwana 250, watau rabin kilo a rana, don haka a kwana 205 nauyinsa bai wuce kilo 127 da rabi ba. Na biyu kilo 108 ya ƙara cikin kwana 180, watau giram 600 a rana, a kwana 205 zai kai kilo 145. Ƙaramin ya fi babban da kilo 17 da rabi. Wanda bai rubuta ranar haihuwa ba zai dandaƙe na ƙwarai, ya bar ragon ya zama uban garke.

Yanzu a ce 'ya'yan wani bijimi sun fi na wani da kilo 10 kacal ranar yaye. A maruƙa 20 kilo 200 ke nan a shekara, ba tare da an ƙara saniya ko ɗaya ba. A shekara huɗu kilo 800. Kowa ya tambayi mahautan mayankar Karu abin da wannan zai kai a kuɗi.

Amma kada nauyi ya rufe wa mutum ido. Bijimin da 'ya'yansa ke zuwa da girma ƙwarai tun daga ciki barazana ne ga ƙananan shanu. Maraƙin Bunaji yakan zo da kimanin kilo 20. In aka ɗora wa karsanar Bunaji irin da maruƙansa ke zuwa da kilo 40, a daji inda ba likita kusa, ana iya rasa uwa da ɗa a dare ɗaya. Har ila yau, shaidar da ta fi kowace muhimmanci ita ce mafi jinkirin zuwa, watau 'ya'yansa mata. Da wata nawa suka ɗauki cikin fari? Suna haihuwa kowace shekara ko suna tsallakewa? Nononsu yana isar maraƙi? Cikin saniya wata tara ne da 'yan kwanaki, yaye wata bakwai, don haka awon farko na 'ya'ya ba ya samuwa sai bayan kusan shekara ɗaya da rabi, na haihuwar 'ya'ya mata kuwa sai an ƙara shekara uku ko fiye. Baƙon da ya ziyarci gona ya koma bai nemi ganin 'ya'yan bijimi mata da maruƙansu a gindinsu ba, ya ga ango ne kurum, bai ga gidan ba.

AIBIN DA KE ƁOYE A JINI

Ko waɗanda suka ƙware a wannan fanni sukan sha mamaki. A shekarar 2008 masu kiwon shanun Angus na Amurka suka lura ana ta haihuwar maruƙa matattu, kashin bayansu a murɗe, ƙafafunsu a sandare. Da aka bi salsala sai aka tarar yawancinsu sun haɗa jini da wani shahararren bijimi mai suna GAR Precision 1680, wanda aka haifa a 1990, aka kuma rarraba maniyyinsa ko'ina saboda kyawun 'ya'yansa. Shi kansa lafiyarsa lau. Irin wannan aibi ba ya bayyana sai maraƙi ya gaje shi ta wajen uwa da uba duka, kuma ko da uwa da uba duka suna ɗauke da shi, ɗaya cikin huɗu na 'ya'yansu ne ke fitowa da shi. Sai da jikoki suka fara haɗuwa da jikoki sannan asiri ya tonu. Abin da ya cece su shi ne littafin asali, domin da shi aka gano tushen, aka fito da gwajin jini mai nuna masu ɗauke da aibin. Darasin a gare mu guda biyu ne: kada a dogara ga bijimi ɗaya kome shahararsa, kada kuma a bar uba yana barbarar 'ya'yansa da jikokinsa a garke ɗaya.

GWANIN WANI GARI

Akwai kuma wani abu da ba a cika gaya wa baƙo ba. Shaidar bijimi ta inda aka auna 'ya'yansa ce. A farkon shekarun 1960 masu bincike na gwamnatin Amurka suka yi musayar shanu iri ɗaya, watau Hereford, tsakanin tasharsu ta Miles City a Montana mai tsananin sanyi, da ta Brooksville a Fulorida mai zafi da laima. Bayan shekaru ana awo, sai aka ga kowane dangi ya fi yin kyau a inda kakanninsa suka saba, kuma shanun Montana da aka kai Fulorida ɗaukar cikinsu ya ja baya ainun. Ƙasa ɗaya ke nan, iri ɗaya. Ina ga wanda zai ƙetare teku?

To mu dubi Uke. Yanki ne mai isasshen ruwan sama daga Afrilu zuwa Oktoba, mai rafuka da kurmi, ciyawa tana tashi da ƙarfi da damina, ta bushe ta zama kara da rani. Irin wannan ƙasa ta tsakiyar Nijeriya an san ta da ƙudan tsando mai kawo sammore, da kaska mai zane wadda ke tafe da kirci, ga kuma ciwon huhu da ke bin garkunan da ke ratsawa. Nahiyar Amurka duka ba ta da ƙudan tsando, kuma Birazil ba ta da ciwon huhun shanu irin namu. Saboda haka bijimin da ya zo na ɗaya a can bai taɓa zama jarrabawar da za a yi wa 'ya'yansa a nan ba. Takardarsa gaskiya ta faɗa, amma labarin garinsu ta bayar.

Wani tarkon shi ne haɗin farko. Duk sa'ad da aka haɗa iri biyu masu nisa da juna, 'ya'yan farko sukan fi iyayensu ƙarfi da saurin girma. Wannan ƙarfi na haɗin ne, ba na uban shi kaɗai ba, kuma yakan ragu in aka ci gaba da haɗa ruwa-biyun da junansu. In kuwa aka yi ta ƙara jinin Turai har ya rinjayi na gida, sai juriyar zafi da cuta ta tafi. An ga haka a ƙasashe masu zafi da yawa. Mai gonar da ya ga maruƙan farko ya yi murna ya sayar da farfarun shanunsa duka, to ya jira jikoki.

ABIN DA BIRAZIL TA YI

Wanda zai je Birazil ya kamata ya san yadda ta kai inda take. Shanun Nelore, waɗanda su ne mafi yawa a garkunan namanta, asalinsu shanun Ongole ne na ƙasar Indiya, masu tozo kamar namu. Dukan masu tozon da aka taɓa shigarwa daga Indiya ba su kai dubu goma ba, kuma babban ayari na ƙarshe shi ne na 1962, wanda a cikinsa aka zo da shahararren bijimin nan Karvadi, bayan an tsare su a tsibirin Fernando de Noronha don tabbatar da lafiyarsu. Yau ƙasar tana da shanu sama da miliyan 200, kuma ita ce kan gaba a duniya wajen fitar da naman shanu. Tsakanin wancan ɗan iri da wannan dukiya akwai aikin shekaru. Masu kiwo na birnin Uberaba sun fara bikin nunin shanunsu a 1935, suka buɗe littafin asali a 1938, daga ƙarshen shekarun 1960 kuma suka shiga auna nauyin maruƙa bi da bi. Sun zaɓi irin da ya dace da zafin ƙasarsu, sannan suka yi ta tacewa a cikin ƙasar.

Abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne, har ciyawar da shanunsu ke ci yawancinta daga Afirka aka kai. A 1980 aka fito wa manoman Birazil da wata ciyawa da sunan Planaltina. Ba kome ba ce illa gamba, wadda muke yin zana da ita, kuma irinta daga Shika ta Zariya ya fita. Sun ɗauki abin da muke takawa, suka gwada, suka rubuta, suka shuka.

Haka labarin yake a Afirka ta Kudu. Da shanun Ingila suka kasa jure zafin arewacin ƙasar, Farfesa Jan Bonsma ya fara gwaji a tashar Mara daga 1937, yana auna kowace dabba, har ya tsaya a kan haɗin da kashi biyar cikin takwas na jininsa na shanun gida ne, watau Afrikaner, kashi uku kuma na Hereford da Shorthorn. Shi ne irin Bonsmara, wanda ba a yi wa dabba rajista a cikinsa sai da takardar awonta. A Kenya kuwa ba su ma haɗa da kowa ba. Shanun Boran na makiyaya suka yi ta tacewa, suka kafa ƙungiyarsu a 1951, har wasu ƙasashe suka koma suna neman irin daga Afirka.

NAMU NA GIDA

Mu ma ba a bar mu hannu wofi ba. Ƙidayar dabbobi ta ƙasa da aka yi a 1990 ta sami shanu kusan miliyan 14, kimanin kashi 37 cikin ɗari Bunaji ne, kashi 22 Rahaji, sai Bokolo na Sakkwato da Gudalin Adamawa, waɗanda Allah Ya yi wa ƙirar nama. Tun 1928 aka buɗe gonar gwajin dabbobi a Shika, wadda a 1976 ta zama Cibiyar Binciken Kiwon Dabbobi ta Ƙasa a ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello. A maƙwabciyarmu Nijar, tashar Tukunus ta yankin Filinge ta kama tace shanun Azawak tun 1954. Su kansu Fulani ba baƙin wannan ilimi ba ne. Dattijon ruga zai lissafa maka uwayen saniya hawa-hawa da ka, ya gaya maka dangin da ke da nono da dangin da ke jure rani, kuma ba kowane maraƙi yake bari ya zama bijimi ba. Abin da ya rage shi ne sikeli da rubutu, domin ƙwaƙwalwar mutum ɗaya garke ɗaya take riƙewa, kuma tana tafiya tare da mai ita.

Lalle ne kuma a faɗi wata gaskiya. Binciken da cibiyar ILCA ta yi a garkunan Fulani na kudancin Kaduna a farkon shekarun 1980 ya nuna karsanar Bunaji takan kai kimanin shekara biyar kafin haihuwar fari, kuma tsakanin haihuwa da haihuwa kimanin shekara biyu ne. Mafi yawan wannan jinkiri na yunwar rani ne da cuta, domin shanun nan in sun sami abinci da magani sukan haihu da wuri. Jinin waje ba ya maganin yunwa, hasali ma ya fi na gida ci. Wanda bai tanadi harawa da ruwa da allurar riga-kafi ba, sayen bijimi mai tsada kamar ɗaura wa jaki sirdin zinariya ne.

ABIN YI

Ga matafiyi, shawarar wannan fili ita ce ya rage lokaci a filin nuni, ya ƙara a bayan gona da ofishin mai rubuta awo. Ya nemi ganin 'ya'yan bijimin duka, ba zaɓaɓɓu ba. Ya tambayi abin da suka ci. Ya tambaya ko an taɓa auna 'ya'yansa a ƙasa mai zafi da kaska. Ya tafi da likitan dabbobi ko masanin kiwo wanda ba shi da kamasho a cinikin. In ya zama dole ya sayo, maniyyin da aka daskarar a tulun sanyi ya fi bijimi mai rai sauƙin kuɗi da ƙarancin haɗari, kuma ya ɗauko na bijimai uku ko huɗu, ya gwada a kan kashi ɗaya na garkensa, ya bar sauran da bijimin gida mafi kyau, a yi kiwonsu tare, sikeli ya raba gardama. Kada kuma a shigo da kome sai ta hannun hukumar tsare dabbobi ta kan iyaka.

Ga masu gonakin Uke da kewaye, tsintsiya ɗaya ba ta shara. Gona mai shanu 30 ba za ta iya gwada bijimai ita kaɗai ba, amma gonaki goma da rugage goma in sun haɗa kai, suka sa wa kowane maraƙi lamba a kunne, suka rubuta ranar haihuwarsa da uwarsa da ubansa, suka sayi sikeli ɗaya yana zagawa, suka riƙa musayar bijimai kamar yadda Bakewell ya yi, cikin shekara biyar za su san waɗanda suka cancanci zama uwaye da ubanni. Inda ba sikeli, tsinken awon ƙirji yana ba da ƙiyasin nauyi mai amfani. Littafin makaranta na 'yan naira kaɗan ya isa a fara.

Ga hukuma kuwa, kowace tawaga da aka tura da kuɗin jama'a ya kamata ta komo da rahoto a rubuce, a buga shi da Hausa da Fulatanci. Ya kamata a kafa littafin asali na ƙasa ga Bunaji da Bokolo da Gudali da Rahaji, a ba Shika abin aiki ta riƙa karɓar 'yan bijimai daga garkunan jama'a tana gwada su a kan abinci ɗaya, tana buga sakamako kowace shekara. Gwajin ƙwayar halitta da ake yayi yanzu, wanda ke ƙiyasta darajar maraƙi daga gashin wutsiyarsa, shi ma da awon dubban shanu na irin yake aiki, don haka wanda ba shi da littafi ba shi da rabo a ciki. Kowace shekarar da ta wuce ba a fara ba, an yanka wasu bijiman da ba za a sake samun irinsu ba, ba tare da kowa ya san darajarsu ba.

Hausawa sun ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Haka ne, amma sai wanda ya tsaya ya ga gudun ɗan, a dajin da zai zauna, shi ke da ikon ba da shaida. Allah Ya albarkaci dukiyarmu, Ya ba mu damina mai albarka, Ya zaunar da manomi da makiyayi lafiya. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.